Bakin Aro

Kaya kala biyu, cajar waya, kwamfuta mai tsagaggen murfi, maganin gwiwa na Mama, gorar ruwa, da biredin da ta saya a tasha ba ta ko buɗe ba. Iyakar abin da Auta ta ɗauko ke nan. Jakar tana kan cinyarta, ta rungume ta, motar haya tana ta cin hanya zuwa gida.

Tun da suka tashi gwiwar mutumin da ke bayanta take tokare da ita ta cikin kujera. Ta shirya abin da za ta ce masa. "Malam, don Allah ɗan janye ƙafarka." Ta juya maganar a zuci, ta cire "Malam", ta mayar da shi, ta ƙara "yi haƙuri" a farko. Kafin ta gama gyara ta, mutumin ya sauka a wani ƙauye.

Haka Auta take. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta kimiyyar ruwa, amma har yau akwai malaman da ba su san muryarta ba. Rubutunta suka sani. Idan aka yabi aikinta a aji sai ta sunkuyar da kai, tana jiran ranar da za a gano kuskure aka yi.

Wayarta ta yi motsi. Kakaki ne.

"Farfesa, kin isa? Kada ki damu. Na san abin da za mu ce musu."

Ta karanta, ta kife wayar a kan jaka.

Kakaki ɗan ajinsu ne. Sunan ya bi shi tun shekarar farko, don duk wani koke da aji ke da shi, shi ake turawa gaban malami. A shekarar ce aka haɗa su aiki su biyu. Auta ta yi gwaje-gwajen, ta rubuta komai tsaf. Ranar gabatarwa ta miƙe, ta ga idanu sun yi mata caa, harshenta ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Wani ya yi tari, wata ta ƙunshe dariya. Kakaki ya zare takardar daga hannunta, ya zuba bayani kamar shi ya kwana yana rubutawa. Aka tafa.

A waje ya ce mata, "Ke kina da kai, ni ina da baki. Mu haɗa jari mana."

Suka haɗa. Ita ce mai aunawa da rubutawa, shi ne mai tsayawa. Daga aji abin ya bi su har wurin cin abinci, shi ke faɗa wa mai sayarwa abin da za a zuba mata. A laburare shi ke tambayo mata littafi. Ko soyayyar ma ta wannan ƙofar ta shigo. Wata rana suna zaune a matakalar ɗakin gwaji ya ce, "Na san kina sona, ba sai kin faɗa ba." Ta kalli takalminta, ta ji kamar an sauke mata kaya daga ka.

Watan jiya ne ya zo gaida iyayenta, kuma a nan komai ya lalace.

An zauna a falo. Mama ta dubi Auta ta ce, "Kin rame. Ba kya cin abinci ne a makarantar?"

"Tana ci, Mama," in ji Kakaki, "mai ne dai ba ta so da yawa."

Yayarta ta ce, "Ciwon kan naki fa?"

"Ya yi sauƙi, Yaya, tun da ta canza tabarau."

Baba ya naɗe jaridarsa. Tsohon tafinta ne, a kotu ya yi aiki har ya yi ritaya. Ya kalli 'yarsa ya ce, "Idan kin gama, me kike son yi?"

"Koyarwa take so, Baba. Ta iya sosai."

Baba ya juyo da kansa a hankali. "Samari, ka taɓa aiki a kotu?"

"A'a, Baba."

"To. Na ga ka iya aikina."

Aka yi dariya, Kakaki ya fi kowa. Auta ba ta yi ba, don ta san wannan muryar. Washegari Baba ya ce kada yaron ya sake zuwa gidansa. Yanzu kuma ga shi an kira ta gida a tsakiyar zangon karatu, ba a faɗa mata dalili ba.

* * *

A kicin ta same su. Mama tana yanka albasa, Yaya ta zo daga gidan mijinta tana zaune a kan buhun shinkafa tana latsa waya.

"Ga 'yar boko," in ji Yaya. "Ina kika baro rediyon naki?"

Auta ta durƙusa ta gaida Mama, ta miƙa mata maganin.

"Allah ya yi miki albarka. Zauna, ki sha ruwa tukuna."

Yaya ba ta jira an sha ruwan ba. "Bari in gaya miki tun kafin ki ji a wani wuri. Abokin maigidana, mai kemis ɗin nan na bakin asibiti, ya ganki ranar da kika kawo mini saƙo. Mutum ne kamili, ba shi da hayaniya. Yau da la'asar zai zo. Na riga na gaya wa Baba kin amince ki saurare shi."

"Yaya, ni ban..."

"Ai na san ki. Da ba ki so da kin ce."

Mama ta share idonta da bayan hannu. "Wa ya taɓa jin ta ce?"

"Shi ya sa nake nan. Tun tana rarrafe ni ce bakinta. Ko fitsari take ji a firamare ni nake ɗaga hannu. Duk da haka ban taɓa cewa a ba ni aurenta ba."

Mama ta yi dariya, ta kuma tsaya da ta ga fuskar Auta. Ta ajiye wuƙar.

"Ba ƙin yaron babanki yake yi ba, Auta. Cewa ya yi ya ga tafintoci da yawa a rayuwarsa. Wai mutum yakan fara da faɗin abin da aka ce, in ya ga mai magana yana in-ina sai tausayi ya sa ya gyara masa, daga gyara sai ƙari, har a wayi gari an yanke hukunci a kan maganar da mai ita bai taɓa yi ba. Ya ce ba zai ba da ke ga wanda ya cinye miki baki tun kafin ya aure ki ba."

"Ni ma abin da na gani ke nan," in ji Yaya. "Kuma matar ƙanin maigidana tana makarantarku, ta ce kowa ya san da guminki yake cin jarrabawa. Ki yi aiki, shi ya karɓi tafi."

Auta ta ji maganar ta sauka daidai inda take ciwo. Ita ma ta sha tambayar kanta. Idan aka cire rubutun, me ya rage da zai so a wurinta? Yarinyar da ba ta iya ce wa mutum ya janye ƙafarsa ba?

Hawaye ya taru mata. Ta ɗauki albasa ɗaya ta fara ɓarewa don a ce shi ne.

"Kin gani ko, Mama?" in ji Yaya. "Ta gane gaskiya."

* * *

Mai Kemis ya zo a kan lokaci. Dogo ne, da farar riga a goge, yana ƙamshin sabulu. Ya gaida kowa yadda ya kamata. Yaya ta ajiye musu shayi ta fita, ta bar ƙofar falo a buɗe.

Ya yi magana a kan hanya, a kan zafi, a kan tsadar magani. Auta tana gyaɗa kai. Can ya ajiye kofi ya gyara zama.

"Ba zan ɓoye miki ba. Yini nake a shago ina jin surutun mutane. Wannan kansa, wancan cikinsa, wata kuma labarin surukarta za ta ba ni kafin ta sayi maganin mura. Ina so in dawo gida in tarar da shiru. Da yayarki ta ce mini ba kya magana, sai na ce alhamdulillahi."

Ta ɗago kaɗan.

"Da gaske nake. Mata da yawa suna ganin kunya aibi ce. Ni a wurina ita ce kyanki. Kada ki canza. Ba zan taɓa takura miki ki yi magana ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, ta ga haka a fuskarsa. Sai ta ji kamar wanda aka yaba wa ɗingishinsa.

Amma wani gefe na zuciyarta ya kwanta. Ga gida ana miƙo mata inda babu wanda zai jira ta ce wani abu. Babu idanu, babu tsayawa. Za ta shige ciki kamar yadda take shigewa kujerar ƙarshe a aji. Wataƙila ma iyakarta ke nan. Wataƙila ita ce ta ɗauki kanta da girma.

Ya tashi zai tafi bai tambaye ta komai ba. A baranda ta ji Yaya tana ce masa, "Ai ka ga yadda take murmushi. Wannan a wurinta babbar magana ce."

Wayar Auta ta yi motsi a cikin mayafinta.

"Ina ƙofar gidanku. Motar da ta biyo taku na shigo."

* * *

Kakaki yana tsaye a gindin falwaya, rigarsa ta yamutse da zaman mota, yana bin motar Mai Kemis da kallo har ta sha kwana.

"Shi ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Yana da tsawo," ya ce. "Ban da haka ban ga komai ba." Ya yi murmushi, murmushin bai zauna ba. "Farfesa, saurara. Na tsara komai a hanya. Zan shiga in durƙusa in ba Baba haƙuri. Zan ce masa ba tsoro ke hana ki magana ba, zurfin tunani ne. Zan ce masa ba kya son wancan, ni kike so, kuma..."

"Za ka ba shi haƙuri," ta ce a hankali, "a kan ka yi magana a madadina."

"Ƙwarai."

"Sai kuma ka yi magana a madadina."

Wani mai keke ya wuce a tsakaninsu da titi.

Auta ta riƙe bakin mayafinta da hannu biyu.

"Ba na son koyarwa."

"Amma ke kika ce..."

"Cewa na yi na ji daɗi ranar da na koya wa 'yar ɗakinmu lissafi. Mutum ɗaya. Muna zaune a kan gado. Ni da ban iya tsayawa gaban aji ba, ka ce wa Baba malanta nake so."

Ya sosa ƙeya. "To me kike so?"

Ta lura wannan ne karo na farko da ya yi mata irin wannan tambayar.

"Ina son... in samu..."

"Ɗakin gwaji. Ke da kwalabenki, ba mai damunki."

Ta rufe ido. Shi kuma ya dafe bakinsa da tafin hannu.

"Na sake," ya ce ta cikin yatsu.

Daidai ya faɗa, kuma abin da ya sa ta kuka ke nan. Hawayen suka zubo babu sauti, ta bar su.

"Ka ga matsalar," ta ce. "Sau da yawa kana yin daidai. Har na daina gane wanne ne nawa, wanne ne naka. In na ji abu a raina sai in jira ka faɗa, in ji ko haka ne. Ko son da kake cewa ina yi maka... kai ka faɗa. A matakala. Ni ban ce komai ba."

Fuskarsa ta canza. "Kina nufin ba kya..."

"Ban ce ba."

"To ki ce."

Ta ɗago ta dube shi. Kalmar ta taso har maƙoshi ta tsaya. Ta sake gwadawa, leɓenta ya motsa, babu abin da ya fito. Ta ga yadda yake danne kansa, jijiyar wuyansa ta tashi, yana son ya cece ta kamar kullum.

Ya jingina da falwayar.

"Auta, kin san abin da ke sa ni? Duk lokacin da kika yi shiru a gaban mutane, fuskarki nake gani ta ranar nan a aji, takarda tana rawa a hannunki. Ba zan iya tsayawa ina kallo ba. Kafin in ankara na riga na yi magana." Ya ja numfashi. "Kuma na san abin da ake cewa. Wai da kanki nake cin jarrabawa. Wani lokacin ni ma ina yarda. Kafin in san ki baki ne kawai da ni, ba abin faɗa. Ina tsoron ranar da za ki iya magana, ki duba ki ga ba ki da buƙatata."

Ba ta taɓa sanin yana jin tsoron wani abu ba. Ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Ni kuma ina tsoron in na yi maganar, ka ji babu komai a ciki."

"Ni fa nake karanta abin da kike rubutawa," ya ce. "Akwai."

A ɗaya gefen titin tela yana taka kekensa, rediyonsa na magana ƙasa-ƙasa. Akwai benci a gaban shagon.

"Je ka zauna can," ta ce.

"Wurin tela?"

"Kada ka shigo. Ko ka ji an daɗe. Ko Yaya ta fito ta zage ka. Kada ka turo mini saƙo."

"Me za ki yi?"

"Wurin Baba zan je." Muryarta ta karye. "Idan na shiga na tsaya kamar gunki fa? Idan ban iya ba?"

"Za ki i..." Ya katse kansa. Ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "Ban sani ba. Ni dai ina kan bencin."

Ya tsallaka titi. Ta ga ya gaida telan, ya zauna, ya haɗa hannayensa a tsakanin gwiwoyi kamar mai jiran likita.

* * *

Yaya tana baranda, ta harɗe hannu.

"Har nan ya biyo ki? Lallai yaron nan ba shi da kunya. To ba komai, bari in shiga in gaya wa Baba ba ke kika kira shi ba, kada laifin ya hau kanki."

Auta ta wuce ta.

"Ke, da ke nake. Ina za ki?"

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Ta dubi Auta, ta dubi inda ta nufa, ta koma ciki.

Ɗakin Baba yana ƙarshen gida. Auta ta doshi can. Maganar da ta fara haɗawa a bakin ƙofa ta watse tun kafin ta kai tsakar gida. Takun Yaya na biye da ita.

Ta yi sallama. Ita kanta da ƙyar ta ji muryarta.

Baba ya amsa. Yana zaune a kujerarsa kusa da taga, jarida a kan gwiwa. Ya dube ta ta saman tabarau.

Yaya ta saka kai ta kan kafaɗarta. "Baba, abin da Auta take so ta ce shi ne..."

Auta ta juya. Ta kama mariƙin ƙofa.

"Yaya, yi haƙuri," ta ce, ta tura ƙofar ta rufe.

Ta durƙusa a kan darduma, idonta a kan silifas ɗin Baba. Ta buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ta sake. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta.

Baba bai taimake ta ba. Ya cire tabarau, ya ninke jaridar, ya ajiye su a gefe, ya jira. Ana ƙwanƙwasa ƙofa daga waje, bai ko waiga ba.

"Baba," ta ce.

"Ina jin ki."

"Mai kemis... mutumin kirki ne. Ba zan aure shi ba."

"To."

Ta ɗago kai, abin da ba ta taɓa yi a ɗakin nan ba.

"Wancan, na waje. Yana da surutu, gaskiyarka ne. Amma shi nake so. Ba shi ya ce in faɗa ba, bai ma taɓa ji daga bakina ba. Ni ce na faɗa, Baba. Shi zan aura."